Kafin a miƙa wa gwamnati harkar fim, a duba yadda ta kaya a Jamus ta Gabas

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Don Allah ka ba ni ɗan fili in sa baki a maganar nan da take dawowa duk lokacin da kasuwar fim ta faɗi, wai gwamnati ta ɗauki nauyin masana'antar gaba ɗaya, ta zuba kuɗi ta gina sutudiyo 'yan fim su huta da yawon neman mai saka jari. A majalisunmu na nan Kaduna ma ana ta yin ta. To akwai ƙasar da ta gwada wannan tsarin har ƙarshensa, kuma ya kamata masu wannan kira su san labarinta.

Jamus ta Gabas nake nufi, ɓangaren da ya faɗa hannun Tarayyar Sobiyat bayan yaƙin duniya na biyu aka yi ta mulkin gurguzu har 1990. Tun 1946, kafin ma a kafa ƙasar a 1949, sojojin Sobiyat suka ba da lasisin wani kamfanin fim mai suna DEFA, babban sutudiyonsa yana Babelsberg dab da Berlin. Shi kaɗai ne, kuma na gwamnati ne. Darakta ma'aikaci ne mai albashi, haka mai kyamara, haka tela mai ɗinka kayan wasa, wata ya ƙare a biya ka. Babu zancen furodusa ya kashe waya bayan an dawo daga lokeshan. Kafin a rufe kamfanin a 1992 sun yi manyan finafinai wajen 700, ban da katun da na labarin gaskiya. Har finafinan kaboyi suka yi, amma a juye, 'yan asalin Amurka da muke ce wa Indiyawan daji su ne jarumai, Turawa masu ƙwacen ƙasa su ne mugaye, jaruminsu Gojko Mitić ɗan Yugoslabiya, kuma miliyoyi suka kalla a ƙasar da mutanenta ba su wuce miliyan 17 ba.

Sai dai fa in baki ya ci, ido kan ji kunya. A watan Disamba 1965 kwamitin tsakiya na jam'iyya mai mulki ya zauna ya ce finafinan da ake yi suna ɓata tarbiyya suna ɓata sunan gurguzu, nan take aka danne kusan aikin shekara guda cur, finafinai wajen 12, wasu ma ba a gama haɗa su ba. Wanda ya fi tsaya min a rai shi ne Spur der Steine na darakta Frank Beyer, labarin wani shugaban leburori mai taurin kai a wurin gini da wani sakataren jam'iyya da ya yi abin kunya yana ɓoyewa. An fito da shi a 1966, jam'iyya ta tura mutanenta cikin silima su riƙa ihu suna tayar da hankali don a ce ai talakawa ne ba sa so, bayan kwana 3 aka sauke shi. Shi kuma Beyer aka kore shi daga sutudiyo aka tura shi wasan daɓe a Dresden. Kuma ina zai kai ƙara, tunda mai kyamarar da mai silimar da mai biyan albashin da mai almakashin duk mutum ɗaya ne? Wannan Beyer ɗin dai shi ne daga baya ya yi fim ɗaya tilo na ƙasar da ya taɓa shiga takarar Oscar, a 1977. Jarumin fim ɗin da aka danne kuwa, Manfred Krug, a wannan shekarar ya tattara ya koma Jamus ta Yamma.

Mu mutanen Kaduna mun ga irin wannan hijira da idonmu, wajen 2008 da rigima ta yi zafi tsakanin 'yan fim da hukumar tace finafinai ta Kano ai da yawa nan suka dawo da aikinsu. Sun iya tsallakowa ne saboda kyamarar tasu ce, kuɗin nasu ne. Da albashin gwamnati suke ci, wallahi ko Kwanar Dangora ba za su kai ba.

Amma akwai abu ɗaya da ya sa nake sara wa Jamusawan nan, har na rubuto wannan wasiƙa. Finafinan da suka danne ɗin ba su ƙona su ba, ma'ajiyar finafinai ta ƙasa suka kai su aka adana. Da katangar Berlin ta faɗi a Nuwamba 1989 sai aka ciro su aka haska, a 1990 har a bikin finafinai na Berlin aka nuna su, mutane suka ga abin da aka ɓoye musu shekara 24. A 1998 aka kafa gidauniya ta musamman da aikinta kenan, kula da finafinan DEFA da gyara su.

Mu fa? Je ka nemi finafinan Hausa na kaset na shekarun 1990 ka ga ikon Allah. Wasu sai dai gutsure a YouTube, hoto na rawa murya na shaƙewa, asalin kaset ɗin yana cikin wani buhu a bayan shago zafi da ƙura sun cinye shi, wanda ya yi fim ɗin ma bai da kwafi. Shaihu Umar na Adamu Halilu, 1976, daga littafin Tafawa Ɓalewa, an ɗauka ya ɓata sai a 2016 aka tsinci gwangwanayensa a ma'ajiyar hukumar fim ta ƙasa, kuma wata cibiya a Berlin ce ta gyara shi aka haska a can a 2018. Fim ɗinmu, harshenmu, sai da Jamusawa suka sa hannu.

Don haka in gwamnati na son taimakawa, ni dai a ganina kada ta zama furodusa. Ta ba da ɗaki mai sanyi da na'urar juyar da kaset zuwa kwamfuta da ma'aikata ƙalilan da suka san aikin. Ga Gidan Arewa nan a Kaduna yana ajiye da takardun tarihin Arewa, me zai hana a buɗe sashen fim a ciki? Kai ma Edita ka tura wakilinka wajen tsofaffin dilolin kaset na Kano da Kaduna ya tambaye su me ya rage a hannunsu, tun suna raye.

Na gode.

Naka,
Mai karanta jaridarka daga Tudun Wada, Kaduna