Maganar kunnen jaririya

Bronx, Amurka

Mutumina,

Assalamu alaikum. Barka da arziki. Allah ya raya mana ita, ya ba mai jego lafiyar shayarwa. Hoton ya same ni ina cikin mota, sai da na gangara gefen titi na kalle shi da kyau. Hancin naka ne, kada ma ka fara musu. Naman suna ya wuce ni, amma kasona yana nan bashi a wuyanka.

Abin da ya zaunar da ni rubutu yau shi ne saƙon muryar da ka aiko ranar haihuwa. A bayanka ina jin mata suna ta magana, wata tana cewa a duba kunnen, in ya yi duhu to yarinya rinewa za ta yi. Wata ta ce a'a, farin uwarta ta ɗauko, an gode Allah. Kana dariya, ni ma na yi. Daga baya dariyar ta tsaya mini a maƙogwaro, saboda bai fi sati biyu ba na ga an yi wa wata jaririya irin wannan duba a gidan da ba su taɓa jin Hausa ba.

Maƙwabcina ne, ƙofarsa na kallon tawa. Mutumin Jamhuriyar Dominikan ne, wata ƙasa a wani tsibiri na yankin Karebiyan, shi ma direba, kuma unguwar nan tamu cike take da mutanensu. Ka tuna Duna kuke ce mini a makaranta, to shi ma in an jera mu ba za ka ce ga wanda ya fi haske ba. Farkon saninmu na ce masa ai ni da shi baƙaƙe ne 'yan uwan juna. Sai ya gyara tsayuwa ya ce shi ba baƙi ba ne, shi "indio" ne. Indio kuwa asalinta sunan mutanen da Kolumbus, Baturen da ya jagoranci jiragen Sifaniya, ya tarar a tsibirin a 1492, Taino, waɗanda cuta da aikin tilas suka kusan ƙarar da su tun ƙarni na 16. Ya ce haka aka rubuta a tsohon katin shaidarsa. Akwai indio mai haske, akwai indio mai duhu, akwai "trigueño" mai launin alkama, akwai "moreno", kamar dai yadda muke da fara sol da wankan tarwaɗa. Kalmar baƙi ce kawai ba mai so, wannan an bar wa mutanen Haiti da suke raba tsibiri ɗaya.

Jika aka haifa masa, ya gayyace mu cin abinci. Tsohuwarsa tana nan, ta haura tamanin. Aka miƙa mata jaririya, ko fuskar ba ta gama gani ba ta lanƙwasa kunnen tana leƙawa, ta shafa gashin, ta ce Allah ya sa kada ya murɗe. Suna ma da karin magana cewa kowannensu yana da baƙi a bayan kunne, wato komai hasken mutum, in aka tona akwai kaka ɗan Afirka da aka ɓoye.

Da dare muna zaune a bakin bene ya saki baki. Su biyar ne a ɗakinsu, shi ya fi kowa duhu. Kullum da safe uwarsa takan matse masa hanci da yatsu biyu wai don ya tashi siriri. In yara sun fita wasan besbol da rana, shi ake kira ya dawo inuwa kada ya ƙara ƙonewa. In baƙi sun zo, ƙanwarsa mai haske ake turawa ta kai kofi. Da yayarsa ta kawo saurayi baƙi, gidan ya yi kamar an yi mutuwa, goggonni suka ce mata aure ai don a gyara iri ake yi, "mejorar la raza" suke cewa, ita kuma ga ta tana neman mayar da hannun agogo baya. Abin da ya fi tsaya mini shi ne, ya rantse duk cikin 'ya'yan ba wanda uwar take so kamarsa. Shi take ɓoye wa ƙanzon shinkafa, wanda suke kira "concón" suke rububinsa kamar mu. Da hannun da take ba shi ƙanzo take matse masa hanci. Har yau bai ga laifinta ba. Ya ce ta san abin da ke jiransa a waje ne, a banki da otal da wurin neman aiki, inda ake rubuta ana son mai "kyan gani" kowa kuma ya san abin da ake nufi.

Abin nasu yana da tushe, ba haka kawai ya faɗo daga sama ba. Haiti ta mulki ɓangarensu daga 1822 zuwa 1844, kuma ranar 'yancin da suke biki, 27 ga Fabrairu, ranar rabuwa da Haiti ce, ba da Sifaniya da ta yi musu mulkin mallaka ba. Sai Rafael Trujillo ya zo, ya riƙe ƙasar daga 1930 har aka harbe shi a 1961, ya mayar da ƙin Haiti aikin gwamnati. A Oktoban 1937 sojojinsa suka kashe dubban mutane a bakin iyaka, yawanci da adda. Ana ba da labari cewa sukan ɗaga wani ganyen miya mai suna "perejil" su ce mutum ya faɗi sunansa, wanda harshensa bai juya kalmar irin ta Sifaniyanci ba ya tafi. Shi Trujillon nan kakarsa ta wajen uwa jinin Haiti ce, kuma hoda yake shafawa don ya yi haske. Bai tsaya a tarihi ba: a 2013 kotun tsarin mulkinsu ta yanke cewa 'ya'yan baƙin haure da aka haifa a ƙasar tun daga 1929 ba 'yan ƙasa ba ne, kuma kusan duka masu jinin Haiti abin ya faɗa wa. Yaron da ya tashi a irin wannan wuri, ka ga dalilin da zai sa ya riƙe kalmar indio da hannu biyu.

Ya ce sai da ya sauka New York ya san shi baƙi ne, don a nan ba mai tambayar ka indio mai haske ne ko mai duhu. Ɗansa da ke jami'a kuwa ya tara gashi kamar kwando, yana kiran kansa baƙi da ƙarfin murya. Shi ya gaya mini cewa tun a farkon shekarun 1520 bayi 'yan ƙabilar Wolof suka yi tawaye a gonar raken ɗan Kolumbus, kusa da Santo Domingo, babban birninsu. Uban yana ji yana girgiza kai. Da na ambaci Sammy Sosa, gwaninsu na besbol da ya fito a 2009 fatarsa ta yi fari fat ya ce mai ne yake shafawa, sai uban ya canja zance.

Yanzu ga inda abin ya shigo gidana. Gab da ƙaramar Sallah uwargida ta kai 'yarka, babbar, shagon gyaran gashi na matan Dominikan, don sun iya miƙar da gashi, ba a ja da su. Mai shagon ta taɓa kan ta ce "pelo malo", mugun gashi kenan, tana murmushi, ba da faɗa ba. Yarinya 'yar shekara 9 ta dawo tana tambayata me gashinta ya yi ya zama mugu. Wallahi ban sami amsa da wuri ba. Uwarta ta zaunar da ita ta yi mata kalaba, aka yi Sallah da shi. Na ji cewa can Santo Domingo ma wata Carolina Contreras ta buɗe shago a 2014 mai suna Miss Rizos, wanda ba a miƙar da gashi a cikinsa, a gyara shi yadda Allah ya yi shi.

Ba ina cewa mu da su ɗaya ba ne. Mu ba mu musun baƙinmu, ba a kuma taɓa yanka wani a kan iyaka saboda shi ba. Amma da tsohuwar nan ta lanƙwasa kunnen jaririyar, muryar Goggo na ji. Ka tuna yadda take ce wa ƙanwata "baƙa ce amma tana da kyau"? Wannan amma ɗin ta bi yarinyar nan har ɗakin miji. Kafin bikinta ta shiga shafe-shafe, fuska ta yi ja, gaɓoɓin yatsu suka ƙi, har yau in rana ta yi zafi sai ta rufe fuska. Mu kuma samari muna majalisa muna cewa fara ko mayya ce, muna shewa. Ni da bakina na faɗa, kai ma ka faɗa, alhali ni ne Duna.

Ka gaishe da mai jego da Hajiya da mutanen majalisa. Saƙon da na ce zan turo yana hanya, a saya wa yarinya kaya, kada ka karkatar da shi wajen gyaran babur. In an yi arba'in ka sake turo hoto. Ka ɗauka ta gaba, fuskar nake son gani.

Naka har kullum,
Duna