Badagiri ma Ikko ce, amma ba irin wadda ake ba mu labari ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon a ba ni fili in yi magana a kan wani gari da sunansa ya yawaita a bakin mutane tun da aka ƙaddamar da aikin babbar hanyar Sakkwato zuwa Badagiri a watan Oktoba na 2024, hanyar da aka ce tsawonta ya haura kilomita 1,000. Na lura a majalisunmu na nan Daura ana ambaton Badagiri ne a matsayin inda kwalta za ta ƙare kawai, alhali gari ne mai rai da mutanensa. Ni kuwa a can na yi mafi yawan ƙuruciyata ina sana'ar wake da albasa, a can aka haifi manyan 'ya'yana, kuma ina ganin garin yana da haƙƙi a kaina in faɗi alherinsa.

Idan aka ce Ikko, abin da ke zuwa zuciyar Bahaushe shi ne cunkoson motoci, hayaniya, tsadar haya da kwana a ƙarƙashin gada. Badagiri tana cikin Jihar Legas, amma ba ta ɗauko wannan hali ba. Ƙaramin gari ne a can yamma, dab da iyakar Jamhuriyar Benin, yana kwance a bakin wani dogon ruwa marar igiya wanda ya raba shi da teku, sai mutum ya shiga kwalekwale ya haye zuwa tsibirin Gberefu, ya taka yashi a tsakanin itatuwan kwakwa, sannan ya iske tekun kanta. Mutanen garin na asali ana kiransu Ogu ko Egun, suna da sarkinsu mai sarautar Akran, suna da unguwanni na gado kowace da mai unguwarta. Wanda ya tashi a Daura ba ya shan wahalar gane irin wannan tsari, domin ya san garin da ake tambayar mutum ɗan gidan wane ne kafin a tambaye shi me ya kawo shi.

Abin da ya fi zauna mini a rai shi ne safiyar garin. Bayan sallar asuba, kafin a buɗe rumfuna a kasuwar Agbalata, mutum zai iya gangarawa bakin ruwa ya tarar masunta sun dawo, mata sun yi layi da manyan kwanoni suna ciniki a kan kifi da kaguwa da jatan lande tun suna motsi. A gaɓar teku kuma akan ga maza sun jeru a kan igiya guda suna jan taru, suna waƙa don ƙafarsu ta zo daidai, kuma duk wanda ya sa hannu, ko baƙo ne mai wucewa, ba ya tafiya hannu rabbana. Na sha ganin yaranmu 'yan ci-rani sun kama igiyar nan sun koma masauki da kifin miya. Mu da muka saba da busasshen kifi da ake kawowa daga nesa, wannan arziki ne babba, kuma cikin sauƙin kuɗi. Da la'asar iska takan taso daga teku ta kwantar da zafin rana, dattawa su fito bakin titin Marina, ba mai sauri, ba mai ture wani.

Ba na cewa zaman babu wahalarsa. Danshi yana sa tufafi su yi fumfuna a cikin akwati, iskar gishiri tana cin kwanon rufi da ƙarfen babur, sauro kuwa ba a magana. Damina biyu ake yi, ruwan watan Yuni yakan kwana ya wuni bai ɗauke ba, kuma ɗan wake dole ya koyi ɗora buhu a kan katako nesa da bango, in ba haka ba ya yi asara. Hanyar da ta haɗa garin da cikin Legas ta daɗe tana gallaza wa matafiya, ga shingayen bincike barkatai. Lokacin da aka rufe iyakokin ƙasa a watan Agustan 2019, kasuwa ta mutu murus har aka buɗe iyakar Seme da ke kusa da garin a Disambar 2020, kuma mutumin Jibiya ko Kwangwalam ba ya bukatar a yi masa bayanin wannan ciwo. Sai dai a wannan matsin ne na ga halin mutanen garin, domin masu gidaje da yawa sun ɗaga wa 'yan haya ƙafa ba tare da duba yare ko addini ba.

Akwai kuma tarihi, wanda ya kamata ɗalibanmu su sani. A Badagiri Baturen nan ɗan Birtaniya mai yawon binciken ƙasashe, Kilafaton, ya sauka a ƙarshen 1825 ya kamo hanya ta Kano zuwa wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya rasu kusa da Sakkwato a 1827. Ke nan hanyar da ake shirin shimfiɗa wa kwalta yau, ƙafa ta riga ta san irinta. A garin akwai benen da 'yan mishan suka gina a 1845, wanda ake kira bene na farko a Najeriya, ko da yake mu da muka san sorayen Kano da hasumiyar Gobarau muna da ta cewa. Abin da ya fi girgiza ni shi ne kurkukun bayi na Seriki Abass, wani dillalin bayi na zamanin da, da sarƙoƙin da aka adana, da hanyar nan ta Gberefu da ake kora bayi zuwa jirgi, inda ba a dawowa. Daga cikin waɗanda aka bi da su ta gaɓar nan har da mutanen Arewa. Mutanen Badagiri ba su ɓoye wannan tabo ba, suna nuna shi ga yaran makaranta da baƙi, kuma ina ganin girmansu a kan haka.

Damuwata ita ce, idan babbar hanya ta iso, filaye za su yi tsada, gonakin kwakwa za su koma gidaje, masunta kuma a tura su gefe. Don haka nake roƙon jaridarku ta tura wakili ya je ya zauna da Sarkin Hausawan garin, da masunta, da matan da ke bandar kifi, da 'ya'yanmu da aka haifa a can masu jin Hausa da Yarbanci da Egun, ya rubuto mana yadda suke rayuwa da abin da suke tsammani daga wannan aiki. Matasanmu masu niyyar tafiya neman abinci Kudu su ma za su amfana da rahoton, su san inda za su sauka da irin sana'ar da ke tafiya a can.

Allah Ya ƙara wa jaridarku ɗaukaka. Wassalam.

Naku,
Wani mai karatu,
Daura, Jihar Katsina.