Muntaka da bashin da Asawase ke binsa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili in yi magana a kan ɗan majalisarmu na mazaɓar Asawase da ke Kumasi a Ghana, Alhaji Muntaka Mohammed Mubarak, wanda Shugaba John Mahama ya naɗa Ministan Harkokin Cikin Gida a farkon 2025.

Ya shiga majalisa a 2005 ta zaɓen cike gurbi bayan rasuwar wanda ke kan kujerar, kuma tun daga lokacin bai faɗi zaɓe ba, alhali kuwa kowa ya san yadda jam'iyyar NPP ta riƙe yankin Ashanti. Kujerar jam'iyyarsa ta NDC, abokiyar hamayyar NPP, a tsakiyar Kumasi ba abin wasa ba ce, kuma ƙuri'un Aboabo da Sawaba da Akwatia Line da sauran zangonni ne suka tsare ta. Marigayi Shugaba Atta Mills ya ba shi ma'aikatar matasa da wasanni a 2009, ya sauka cikin 'yan watanni bayan zarge-zargen da suka taso kan kuɗin ma'aikatar, mutane da yawa suka ɗauka tasa ta ƙare. Sai ya koma majalisa ya zama mai tsawatarwa na ɓangaren jam'iyyarsa daga 2013 har 2023. Wanda ya kalli talabijin a daren da aka zaɓi Alban Bagbin kakakin majalisa, cikin Janairun 2021, ya ga yadda ya bi ɗan majalisar da ya fizge takardun ƙuri'a da gudu. A ganina wannan daren ne ya fi fito da halinsa fili, domin mutum ne da ba ya kallo a yi ba daidai ba ya naɗe hannu.

Wannan halin ne ya sa na rubuto. A watan Yulin 2018 'yan sanda suka harbe matasa bakwai na Zango a Manso Nkwanta da ke yankin Ashanti, suka ce 'yan fashi ne. Mu da muke Kumasi mun ga yadda Asawase ta hargitse, samari suka cika titi, dattawa da limamai suna ta ba su haƙuri, iyaye mata suna kuka a ƙofar gida. Kwamitin da gwamnati ta kafa bai sami hujjar cewa 'yan fashi ne ba, aka dakatar da 'yan sanda 21, aka biya iyalan diyya. A wancan lokacin Muntaka yana ɓangaren adawa, kuma yana cikin waɗanda suka ɗaga murya suna neman a yi bincike mai zaman kansa. Mun yaba masa, don ya tsaya wa mutanensa ranar da ake buƙata.

To, yau rundunar 'yan sanda tana ƙarƙashin ma'aikatarsa, tare da hukumar shige da fice da gidajen yari da 'yan kwana-kwana. Diyya tana rage wa marayu raɗaɗin yunwa, amma ba ta wanke sunan wanda aka kira ɗan fashi bayan an kashe shi, ba ta kuma hana a maimaita irin wannan ga wani yaro da laifinsa kawai shi ne unguwar da ya fito. Ba ina cewa ya nuna wa Zango fifiko ba, domin ministan Ghana ne gaba ɗaya, kuma abin da zai kare ɗan Aboabo shi ne zai kare ɗan Bantama, unguwar Kumasi da ba ta Zango ba.

Roƙona ga Alhaji Muntaka shi ne ya fito ya bayyana wa jama'a inda maganar 'yan sandan nan 21 ta kwana, ya kuma tsaya a majalisa a kafa hukuma mai zaman kanta da talaka zai kai ƙarar ɗan sanda ba tare da ya je ofishin 'yan sanda ba. Ku kuma ina roƙon ku gayyato shi ya amsa wannan tambaya da Hausa, domin iyayen yaran su ji da kunnensu.

Wassalam,
Mai bibiyarku daga Aboabo, Kumasi