Zuwa ga masu tsofaffin a-kori-kura: kafin ku aiko mana da allon geji

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, mun rubuto ne domin mu sanar da ku wani sauyi a yadda muke karɓar aiki. Daga yanzu ba za mu ƙara karɓar allon geji, wato allon da ke ɗauke da agogon gudu da geji-gejin mota, shi kaɗai, a cire daga dashbod a miƙo mana a kwali, ba tare da bayanin motar da aka ciro shi ba. Mun san wannan zai ƙara muku ɗawainiya, shi ya sa muka ga ya dace ku ji dalili daga bakinmu.

Wata tsohuwar Ford ta shekarun 1960 ce ta koya mana. Mai ita ya aiko da allon, muka gyara gejin mai da na zafin inji, muka gwada a kan tebur, komai lafiya lau. Bayan mako biyu allon ya dawo, duka biyun sun ƙone. Muka sake gyarawa, muna zargin hannunmu. Ya sake dawowa da ƙaurin wayar da ta toye. A karo na uku muka ce a kawo motar kanta, kuma ba mu yi minti goma a ƙarƙashin sitiyari ba muka ga abin. An yi wa dashbod sabon fenti mai kauri, har bayan kusoshin da ke riƙe allon, fentin ya raba allon da ƙarfen jikin mota. Ford na wancan zamani suna da wata 'yar na'ura a bayan allo, ba ta kai akwatin ashana ba, wadda ke kunna wutar bolt 12 tana kashewa a kai a kai domin geji-gejin su sami kusan bolt 5. Idan ta rasa haɗi da jikin mota sai ta daina kashewa, ta sakar musu wutar gaba ɗaya. Laifin namu ne, don tambaya ɗaya tak da mun yi tun farko ta isa: an taɓa fentin dashbod? Ba mu yi ba, muka jawo wa bawan Allah zirga-zirga da ɓacin rai. Saboda haka idan kuka ga allurar mai da ta zafi sun tashi tare sun manne a ƙarshe, ku kashe makulli nan take, kada ku ce bari ku ƙarasa gida.

Agogon gudu ya fi kowanne shan zargi a banza. Irin wanda ke cikin waɗannan motoci ya samo asali ne daga ƙirar da wani injiniya, Otto Schulze, ya yi wa rajista a 1902, kuma har aka daina yayinsa bai canza sosai ba. Kebul yana ɗauko juyi daga giyabos ya kawo shi bayan agogo, inda yake juya wani ɗan maganaɗisu a cikin wani ƙoƙo na alminiyum. Ba sa taɓa juna ko kaɗan. Juyin maganaɗisun ne ke jan ƙoƙon, wani sifirin siriri kamar gashi yana riƙe shi, allura kuma tana tsayawa inda ƙarfin biyun ya yi daidai. Duk lokacin da muka buɗe ɗaya muka ga wannan ƙoƙo, wanda numfashi ma yana iya motsa shi, ya shekara sittin yana aiki, sai mun ɗan tsaya mun kalle shi.

To amma agogon bai san tayar da ke ƙasa ba, juyin kebul kawai ya sani. Yawancin motocin Amurka an tsara su ne a kan juyi 1000 a kowane mil, wato idan kebul yana juyi 1000 a minti, allura za ta nuna mil 60 a awa. Na Japan da dama, irin su tsofaffin Toyota da Datsun, juyi 637 ne a kilomita. Agogunan Smiths na Ingila ma sukan rubuta adadin da ƙananan lambobi a fuskar agogon. A kan wannan adadi muke daidaitawa a tebur. Idan motar ta fito da taya mai tsayin inci 28, aka saka mata mai inci 31, agogo zai nuna 60 alhali kuna gudun 66, kuma babu abin da ya same shi. Haka idan an canza giyabos ko aksul ɗin baya, wanda da wuya a sami a-kori-kurar da ta yi rabin ƙarni tana ɗaukar kaya ba a canza mata ko ɗaya ba. Maganin wannan yana wajen ɗan haƙorin da ke juya kebul a giyabos, ko a saka ƙaramin akwatin sauya juyi a tsakani. Mun fi son haka a kan mu lanƙwasa agogo mai lafiya ya yi ƙarya domin ya dace da taya.

Akwai gwajin da za ku iya yi da kanku. Ku kwance kebul daga bayan agogo, ku manna ɗan tef a bakin wayar ciki kamar tuta, ku auna ƙafa 53 a shimfiɗaɗɗen fili, kusan mita 16 ke nan, wato kashi ɗaya cikin ɗari na mil. Mutum biyu su tura motar a hankali, ɗaya yana ƙirga juyin tutar. Idan ta Amurka ce kuma komai yana yadda ya fito, za ku sami juyi 10. Abin da kuka samu, ko 9 ne ko 11 da rabi, ku rubuto mana shi.

Allurar da ke rawa tana tsalle kuwa, galibi kebul ne ya bushe ko ya lanƙwashe, shi ya sa muke so ku haɗo da shi. Muna roƙonku kada ku fesa man sassauta tsatsa a bayan agogo, kada kuma ku cika kebul da giris har sama. Juyin waya yana tura giris ɗin sama sannu a hankali har ya shiga tsakanin maganaɗisu da ƙoƙo, sai allura ta tafi ƙarshe ta murɗe sifirin.

Gejin mai shi ma abokin tafiya gare shi, wato na'urar da ke shawagi a cikin tanki, kuma kowane kamfani da yarensa. Tsofaffin Ford suna karanta kusan om 73 (om shi ne ma'aunin turjiyar wutar lantarki) idan mai ya ƙare a tanki, om 10 idan ya cika. Chevrolet da GMC suna tashi ne daga sifili zuwa 30 har 1964, daga 1965 kuma sifili zuwa 90. Kun ga ɗaya yana sauka yayin da ɗayan ke hawa. Wanda ya sayi sabon tanki da na'urar da ba ta kamfanin motarsa ba, yana iya ganin allura tana cewa babu mai ranar da ya cika tanki. Ku faɗa mana kuma ko motar tana kan bolt 6 ne ko an mayar da ita 12. Ford ba su koma 12 ba sai 1956, kuma kafin nan ɓangaren batir mai alamar tarawa ne ke haɗe da jikin mota, akasin yadda aka saba yau.

Idan gejin zafinku irin mai siririn bututun ƙarfe ne da ya bi ta bangon inji har kan silinda, don Allah kada ku yanke shi domin allon ya fito da sauƙi. Ba waya ba ce. Bututu ne a rufe, cike da wani ruwa mai saurin tururi, kuma da zarar almakashi ya taɓa shi kuka ji wani wari mai kaifi, ya tafi ke nan. Ana iya sake cikawa, amma aiki ne mai tsawo. Ku kwance shi daga inji, ku naɗe shi da faɗi kamar igiyar guga.

Gejin caji ne kaɗai muke ba da shawarar a sauya masa ciki. A wasu daga cikin waɗannan motoci duk wutar da ke zuwa batir ta cikinsa take bi, a bayan dashbod, kusa da gwiwar direba. Da tsohon dinamo mai ba da kusan amfiya 30 babu damuwa. Da sabuwar altaneta mai ninki biyu ko uku, da tsofaffin wayoyi da noti mai tsatsa, wurin yana zafi har ya kai ga gobara. Mukan bar fuskar da allurar yadda suke, mu saka ma'aunin bolt a baya. Amma sai da yardarku.

Game da fuskar agogo, ra'ayinmu a fili yake: idan lambobin suna karantuwa, a bar su. Farin da ya koma ruwan madara saboda rana da shekaru ya fi mana sabon bugu kyau, kuma ba ya dawowa idan aka goge shi. Kada ku sa masa fetur ko tina, wani ma ruwa kawai yana ɗaga masa fenti. Mukan wanke gilashi, mu sabunta jan allura, mu fente cikin gwangwanin agogon da fari domin hasken dare ya bazu, shi ke nan.

Lambobin mil kuwa za mu wanke su mu sa su juya, amma inda muka same su nan za mu mayar da su. An sha roƙonmu mu rage, wasu da kyakkyawar niyya, suna cewa ai an sabunta inji. Ba za mu yi ba. A Amurka doka ta hana tun 1972, ƙasashe da yawa ma haka, kuma ko babu doka, wanda zai sayi motar bayanku da waɗannan lambobi zai dogara. Mukan ɗauki hotonsu ranar da allon ya iso, mu ba ku kwafi tare da rasit.

Don haka idan za ku aiko, ku haɗo da kebul da na'urar tanki da ta zafi idan za su ciru, da takarda mai ɗauke da shekarar mota, girman taya, ƙarfin batir, adadin juyin da kuka ƙirga, da duk abin da kuka san an canza, har da fenti. Ku naɗe allon da tsumma mai laushi, fuskarsa tana kallon sama, kada komai ya danne gilashin. Waɗanda allonsu yake hannunmu yanzu, za mu kira ku cikin makon nan mu yi muku waɗannan tambayoyi kafin mu ci gaba.

Mun gode da amanar da kuke ba mu.

Naku,
Ma'aikatan teburin gyaran geji