Nas ba 'yar aiken likita ba ce

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ku da abokan aikinku, na rubuto ne a kan shirinku na lafiya na daren Laraba. Raina ya ɓaci, kuma har yau bai huce ba.

Mutumin nan da ya bugo waya ya ce aikin nas bai wuce ta tsira maka allura ta daka maka tsawa ba, wai 'yar aiken likita ce kawai, da kunnena na ji mai gabatarwa ya yi dariya. Baƙon naku kuwa, likita ne fa, ya fi kowa sanin gaskiya, amma ya ce ai akwai na kirki akwai na banza, ya wuce abinsa. Awa guda cur kuna zancen amai da gudawa da sanƙarau da yadda sauyin yanayi ke ƙara rura su, ba ku ga dacewar ajiye nas ko guda a ɗakin ba. Tare da mahaifiyata muke sauraro a tsakar gida. Ta ce da ni, "Ɗan nan bai taɓa kwana a asibiti ba." Ita ta sa ni rubutun nan.

Inna ta haura saba'in. Hawan jini ya daɗe yana cin ta har ya taɓa zuciya. Da matashin kai uku take barci, don in ta kwanta miƙe numfashi sarƙewa yake. Ƙafafunta kan kumbura, ka danna da yatsa wurin ya lotsa ya ƙi dawowa. An hana ta gishiri da kanwa, an ɗora ta a kan ƙwayar da ke sa fitsari don rage ruwan da ke taruwa a jiki. Haka muke lallaɓawa har daminar 2021, shekarar da kwalara ta kama sama da mutum 100,000 a ƙasar nan, ta kashe fiye da 3,000, maƙwabtanmu na Bauchi suka fi kowa jin jiki.

Wani dare aka tafka ruwa kamar da bakin ƙwarya. Duk wanda ya san Pantami ya san yadda ruwa ke bin layi in ya rasa hanya. Ya cika shaddar maƙwabta, ya kwaso abin da ke ciki ya zuba a rijiya. Kwana uku tsakani Inna ta fara gudawa, fara sol kamar ruwan wankin shinkafa. Kafin asuba idanu sun faɗa, murya ta shige, in ka tsunguli fatar hannunta sai ta tsaya a tsaye. Ni kuma da wautata na ɗauko ƙwayar fitsarin nan na ba ta, don na saba kullum safiya sai ta sha. Mutum na zubar da ruwa ta ƙasa, ni ina ƙara buɗe masa wata ƙofa. Allah Ya yafe mini.

A Keke Napep muka kai ta. Likita ya duba ta, ya yi rubutu, ya tafi, duka-duka bai kai minti goma ba. Ban ga laifinsa ba, mutane ne kwance har a baranda. Wadda ta rage da mu nas ce, wata 'yar siririya da ba za ta girmi ƙanwata ba. Tambayarta ta farko, wane magani Hajiya take sha? Na miƙa mata leda. Ta zazzage, ta ware ƙwayar fitsari da ta hawan jini ta ce kada in kuskura in sake ba ta sai an ce. Sannan ta koma ta sake samo likitan ta nuna masa, aka canza abin da aka rubuta da farko.

Edita, ina so mai bugo wayar nan ya ji abin da ta gaya mini. Ta ce mai kwalara ruwa yake so a jijiya, da yawa kuma da gudu. Ta nuna mini wani saurayi a gadon kusa, an sa masa ƙarin ruwa hannu biyu, har matsa ledar ake yi don ya shiga da sauri. Ta ce in aka yi wa Inna haka, zuciyarta ba za ta iya tura ruwan ba, kamar tsohon injin ban-ruwa ne da aka sakar wa kogi, ruwan zai koma huhu ta nitse a kan gado muna kallo. In kuma aka yi ƙwauron ruwan, ƙoda ta tsaya. To wa zai tsaya a tsakanin nan dare guda? Likita yana can ana ta kiransa. Ita ce ta tsaya.

Da agogon hannunta take ƙirga ɗigon ruwan, ta ce ɗigo 20 ne mililita guda a irin wannan robar. Gadon mai huda ne a tsakiya, da bokiti a ƙasa, duk abin da ya fita sai ta auna ta rubuta. Ledar fitsari ma haka. Kowane rabin awa ta dawo ta kama hannu, ta gwada jini, ta tayar da Inna ta kasa kunne a bayanta da abin sauraron ƙirji. Wajen ƙarfe 2 na dare Inna ta fara haki da tari, ta ƙi kwanciya. Ni na ɗauka sauƙi ne ya zo tunda har tana yunƙurin tashi. Sista ta dubi abin nan da ake maƙala wa a yatsa don auna oksijin a jini, lambar ta sauko daga 95 zuwa 88. Nan take ta rage gudun ruwan, ta zaunar da ita, ta sa mata oksijin, ta aika a kira likita. Ana cikin haka aka ɗauke wuta. Na'urar da ke tace iskar ta mutu. Kafin a tayar da janareto, ita da wani dattijo mai shara suka mirgino tukunyar oksijin daga ƙarshen ɗaki, ni ina haska musu da fitilar waya hannuna na rawa.

Ma'aikata biyu ne kacal a ɗakin, na kuma ƙirga gadaje, sun haura ashirin, ban da na kan tabarma. Da gari ya waye ta ce mini a ƙa'ida mai irin halin Inna ɗakin kulawa ta musamman ya kamace ta, inda nas ɗaya ke tsare mutum ɗaya ko biyu. Babu gado a can. Sai ta mayar da kusurwar nan ta zama hakan, da agogo da bokiti da biro. Ban ga ta sa komai a baki ba tun shigowarmu har ta miƙa aiki.

Tsawa kuwa, ni ma ta yi mini. Da hantsi 'yan dubiya suka cika ɗakin, mata da goyo, wata gwaggona ta zo da kunun kanwa a fulas wai ya ƙara wa Inna ƙarfi. Sista ta kore mu kaf, ta sa kowa ya wanke hannu da ruwan kilorin a bakin ƙofa, ta ce in ta sake ganin jariri a ɗakin kwalara da ni za ta yi. Na ji haushi a lokacin, gwaggo har yau ba ta yafe mata ba. Amma kanwa ga mai ciwon zuciya? Goyo a ɗakin amai da gudawa? Ban ce babu masu mugun hali a cikinsu ba, na gamu da su. Sai dai rabin abin da muke kira wulaƙanci, mu ne muke zuwa da gari guda mu tsaya a kan mara lafiya.

Kun yi ta nanata sauyin yanayi. Mu da ke Gombe ba sai an karanto mana daga takarda ba. Bazara zafi ya haura 40, ƙura ta busar da maƙogwaro, sanƙarau ya shigo ɗakunan da aka cunkushe, manya ba su manta da na 1996 ba. Damina ta zo a makare, in ta zo ta zubar da na wata guda a dare ɗaya, kwari ya ci gidaje, sauro ya samu wurin zama. Mun ga ambaliyar 2022, mun ga abin da dam ɗin Alau ya yi wa Maiduguri a Satumbar 2024. Da rani kuma ɓera ya shigo rumbu da zazzaɓin Lassa. Duk wanda ɗaya daga cikin waɗannan ya kayar, in da ma yana da hawan jini ko ciwon zuciya ko suga, shi ne ke fara galabaita, kuma hannun da ke juya shi duk bayan awa biyu don kada bayansa ya yi gyambo, hannun nas ne. Likitan naku bai gaya muku ba, cutar Lassa da aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na Borno, a jikin nas aka gano ta, ta kashe ta, ta kashe wadda ta yi jinyarta. Har gobe su ne ke taɓa jini da amai kafin sakamakon gwaji ya dawo.

Ga shi kuma suna tafiya. 'Yar maƙwabcinmu ta gama makarantar koyon jinya, ta yi shekara uku tana aiki, yanzu tana Saudiyya. Wasu Ingila. Albashi bai kai ba, dare babu wuta, safar hannu sai mai jinya ya sayo, sannan ta kunna rediyo a hanyar gida ta ji ana mata dariya. Ku gayyato nas, wadda ta yi aikin dare a ɗakin masu ciwon zuciya ko a sansanin kwalara, ku ba ta awa guda ita kaɗai, ku kuma nemo mai wayar nan ya sake bugowa yana saurare.

Sai kuma wata magana tunda na riga na ɗauki biro. Ina kuka kai farashin hatsi da kuke karantowa ranar Asabar? Wata uku ke nan ban ji ba, kun maye gurbinsa da gaishe-gaishe, mutum biyar ɗin nan dai su ne kullum, wannan ya gaida wancan, wancan ya gaida wannan. Mu da muke auno masara da wake da shi muke sanin ko za mu shiga kasuwa ko mu dakata. Na buga layinku ya fi sau goma in faɗi haka, kullum a cike.

Wassalam.

Mai sauraronku daga Pantami, Gombe.