A Hau Babban Babur Kafin a Biya Kuɗi

Malam Edita,

Ina roƙon masu sayen manyan babura kada su biya sai sun hau. Harley-Davidson Fat Boy ya haura kilo 300, Honda Rebel 1100 kuwa bai kai 230 ba, kuma sai an zo juya kai a ƙuntatacciyar hanya ake jin bambancin.

A tayar da injin tun yana sanyi, domin idan ya ɗumama yakan ɓoye hayaƙi da baƙuwar ƙara. Tafukan ƙafa biyu su dafe ƙasa sosai. A bi hanya guda da kowanne, minti 30, har cikin cunkoso, inda zafin injin yake gasa cinya. A sha kwana a hankali: baburan ƙasa-ƙasa ne, matakin ƙafa yakan karci kwalta.