Barka da Sallah daga Ingila, Inna

Assalamu alaikum Inna,

Barkanku da sallah, Allah ya maimaita mana, ya karɓi layyarmu. Ina gaida Baffa da Goggo, da Yaya da maiɗakinsa, da yara duka har auta. Na ga hoton ragon da Yaya ya turo, ya yi kyau ƙwarai. Ni ma lafiya lau nake, sai kewar gida. Da safe mun yi Idi a nan Sheffield tare da 'yan Somaliya da Pakistan da Yaman, aka gaisa aka watse, kowa ya kama hanyar aikinsa. Ba hawan sarki, ba ƙanshin suya daga gidan maƙwabta.

Dattijon nan da nake kula da shi, wanda na ce miki ya haura 80, da ya gan ni cikin babbar riga ya tambayi dalili. Na ce yau idinmu ne. Ya yi shiru can, sannan ya ce to shi ma in kai shi ƙauyensu ya gaida matarsa. A harabar cocin ƙauyen aka binne ta. Na san za ki ce me ya kai ɗanki coci ranar sallah. Kekensa na marasa lafiya na tura, Inna, kuma da lokacin azahar ya yi na shimfiɗa darduma a kan ciyawa bayan gari na yi sallata. Amma abin da na gani can ne ya hana ni kwanciya sai na rubuto miki.

Ana rubuta sunan ƙauyen Eyam, bakinsu kuwa "Iim" yake faɗa. Yana cikin duwatsun Derbyshire, tafiyar kamar rabin awa a mota daga nan. Cocin sunansa Saint Lawrence, ginin dutse ne zalla da ruwan sama ya rina ya yi duhu, da hasumiya mai kusurwa huɗu inda ƙararrawa take. Wasu sassansa sun haura shekara 700, sauran an yi ta ƙari da gyara, babban gyaran a wajen 1868. Da na shiga na ɗaga kai na ga ginshiƙai da bakunan da ke ɗauke da rufin, sai masallacin Juma'ar Zariya na Babban Gwani ya faɗo mini a rai, sai dai namu ƙasa ce, nasu dutse mai sanyi ko da rani. Can sama a jikin bango akwai tsofaffin zane na alamomin ƙabilu 12 na Bani Isra'ila, waɗanda aka taɓa shafewa, daga baya aka kankare suka sake fitowa. A waje, jikin bangon kudu, akwai agogon rana na 1775 da ke nuna lokaci da inuwa. A farfajiya kuma wani gicciyen dutse ne a tsaye fiye da shekara 1,100, an sassaƙa masa saƙa mai shiga da fita, kamar dagin da ake yi wa gaban riga. Na sa yatsa na bi layin, ban gano inda ya fara ba.

Kusa da gicciyen akwai wani kabari mai kama da tebur na dutse. Nan dattijon ya ce in tsaya, ya ba ni labarin da kowane ɗan ƙauyen ya tashi da shi.

A 1665 annoba ta ɓarke a Landan. Aka aiko wa telan ƙauyen ƙunshin yadi daga can, ashe da ƙuma masu ɗauke da cutar a ciki. Yaron shagon, George Viccars, shi ya kwance ƙunshin ya shanya a bakin wuta. A watan Satumba ya rasu, daga nan cutar ta shiga gida-gida. Da sanyi ta ɗan lafa, da zafi ya dawo a 1666 ta taso gadan-gadan, mutane suka fara ɗaure kaya. Limamin cocin, William Mompesson, matashi ne kuma baƙo, bai daɗe da zuwa ba. Sai ya nemi tsohon limamin da aka tuɓe saboda saɓanin aƙida, Thomas Stanley, wanda mutanen gari suke jin maganarsa. Su biyun suka haɗa baki suka roƙi jama'a kada kowa ya fita, kada kowa ya shigo, don kada a kai wa garuruwan maƙwabta. Kuma suka yarda, Inna. Suna ganin hanya a buɗe, suka zauna.

Aka rufe cocin, ana taruwa a wani kwari da ake kira Cucklett Delf, kowane gida nesa da ɗan'uwansa. Abinci sai a ajiye musu a bakin iyaka. Har yau dutsen iyakar yana nan da ramuka a kansa, inda suke zuba ruwan khal, wato binega, su jefa kuɗin a ciki don gudun yaɗa cutar kafin mai kaya ya ɗauka. Aka daina binnewa a maƙabarta, kowa ya binne nasa a bayan gida ko a gona. Wata mata, Elizabeth Hancock, ta binne mijinta da 'ya'yanta shida cikin kwana takwas. A watan Agusta kaɗai an rasa fiye da mutum 70. Kabarin teburin nan na matar limamin ne, Catherine, ita kam a harabar cocin aka binne ta. Sun tura 'ya'yansu biyu wani gari tun da wuri, ya roƙe ta ta bi su ta ƙi, ta zauna tana zaga marasa lafiya tare da shi har ta kamu ta rasu a ƙarshen Agustan, tana da shekara 27. Kafin cutar ta ɗauke a Nuwamba, wata 14 ke nan, an ƙirga mutum 260.

Yana magana ni kuwa muryar Baba nake ji a zaure bayan magariba, yana karanta mana hadisin nan: idan kun ji annoba a wata ƙasa kada ku shige ta, idan ta sauka kuna ciki kada ku fita don guje mata. Da labarin Sayyidina Umar da ya juyo daga hanyar Sham, da Abu Ubaida da ya zauna da mutanensa har ta ɗauke shi. Na faɗa wa dattijon. Ya kama hannuna ya ce in maimaita a hankali.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne littafin. A cikin cocin akwai littafin da aka rubuta sunayen waɗanda suka mutu ɗaya bayan ɗaya, har jarirai. Akwai taga ta gilashi mai launi da aka sa a 1985 mai nuna labarin, akwai kujerar Mompesson, kuma duk Lahadin ƙarshe ta Agusta suna komawa kwarin su yi addu'a, a ɗora furanni a kabarin Catherine. Sama da shekara 350, ba su bar suna ko ɗaya ya ɓace ba.

Na tsaya gaban littafin na tuna shekarar korona, da Baba ya rasu an rufe filayen jirgi, na yi zaman makoki ni kaɗai a ɗaki da waya a hannu. Na tuna kina yawan ambaton ƙannenki biyu da sanƙarau ya ɗauke kuna yara, sai na ga ban ma san sunan ɗayan ba. Ban ce a kafa dutse a kabarin kowa ba, namu kaburburan yadda addini ya koyar haka suka fi. Amma ina roƙonki alfarma ɗaya a matsayin goron sallata. Yau gida cike yake, Goggo tana nan, Baffa yana nan. A sayo littafi mai kauri, auta ta zauna gabanku da biro, ku faɗa mata sunayen mamatanmu tun daga kakanninki, da garin da kowa yake kwance da abin da kuka tuna game da shi. Ko shekarar ba ta zo ba, a rubuta "shekarar fari" ko "shekarar ƙyanda". Ina so in riƙa ambatonsu da suna a addu'a, 'ya'yana ma su samu.

Dattijon ya ce in gaishe ki. Mun kai wa matarsa furanni, na goge masa dutsen da tsumma don ya iya karanta rubutun. Yanzu ƙarfe tara ta wuce, rana ba ta gama faɗuwa ba, ina jiran magariba. Idan an soya naman a ɗebar mini a gwangwani, abokin aikina ɗan Samaru zai dawo ƙarshen wata. A sa mini albarka, Inna.

Ɗanki mai kewarki.